Makulli Mai Ɗigon Ja

Tun ranar da likitan ido ya ce a raba Direba da tuƙi, gidan bai sake zama lafiya ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciya da tsufa a kan sitiyari, wanda har yau in aka ce Sarkin Hanya a tasha kowa ya san wa ake nufi, wai shi ne wani yaro mai farar riga, da bai girmi autarsa ba, zai haska wa 'yar fitila a ido ya ce ya sauka daga mota. Direba ya ce ƙarya ne, idonsa garau yake. Dishi-dishi ne kawai yake gani jefi-jefi, to wa ya kai shekarunsa bai ga dishi-dishi ba?

Babban ɗansa, wanda duk gidan ke kira Yaya, shi ya tsaya kai da fata. So ya yi a sayar da motar a huta, har ya samo mai saye. Direba ya ce sai dai a haɗa da shi a sayar. Aka kai ruwa rana, sannan aka tsaya a kan magana ɗaya: Shuɗiya, kamar yadda suke kiran motar, za ta ci gaba da zama a ƙarƙashin rumfarta a tsakar gida, makulli yana hannun matar Direba, Yaya kuma zai riƙa zuwa yana tayar da injin kada ya kwanta.

"Amma Baba," in ji Yaya, kansa a ƙasa, muryarsa kuwa ba alamar wasa, "ranar da na ji ka sa mata makulli, wallahi ranar za ta bar gidan nan. Gara ka yi fushi da ni, da a kira ni a ce ka taka ɗan wani."

Direba ya san yaron ba ya rantsuwar banza. Taurin kan nan ai ba a ƙasa ya tsince shi ba.

Shuɗiya kuwa, ga mai kallo, ba wata abar faɗa ba ce. Shuɗin ma ya koɗe ya koma kalar toka, ƙofar direba sai an ɗan ɗaga ta sama kafin ta rufu, kujera ta lotsa daidai zaman mai ita. Amma ita ce abin da Direba ya saya da guminsa bayan ya gama jan manyan motocin mutane, ita ta kai yaran nan makaranta, ita ta kai su asibiti, ita ta ɗauko jikokin farko zuwa gida. Yanzu ga ta a gabansa kullum safiya, kamar abinci a gaban mai ciwon haƙori. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda Yaya ke tayar da ita. Ya shiga a tsaye-tsaye, waya a kunne, ya murɗa, ya danna totur har inji ya yi kuka, ya kashe ya fita. Tsohon inji fa! Lallashi yake so, ba tsawa ba.

Ranar da abin ya faru, matarsa ta tafi duba ƙanwarta da aka sallamo daga asibiti. Tana ɗaura mayafi take ce masa, "Malam, abincinka yana kan tebur. Yaya ne zai dawo da ni bayan la'asar, ya ce in ya zo zai tayar maka da motar."

"Ya tayar mini," in ji Direba, ya taɓe baki. "Allah Ya kiyaye hanya."

Ya bari sai da ƙarar takalminta ta ɓace a lungu. Ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Ya san inda makullin yake tun makon farko, don mutumin da kuka tsufa tare ba ya iya ɓoye maka abu: cikin gwangwanin zare da allura, a saman kabad, bayan bargon da ba a amfani da shi. Ya ce wa kansa ɗumama ta kawai zai yi, a hankali, yadda ya kamata. In ta ɗumama, to, wa ya sani, daga nan zuwa bakin titi a dawo ai ba tafiya ba ce. Ko ba kowa ya gani, shi zai san cewa likitan nan surutu ya yi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle yaro mai 'yar fitila.

Ya taka kujera ya sauko da gwangwanin, allura ta soke shi a yatsa, ya tsotse ya yi tsaki. Ga su nan, makullai biyu a zobe ɗaya, ɗaya na ƙofa ɗaya na inji. Dukansu tsirara suke, robar kansu ta daɗe da gutsurewa. Bai buƙaci na ƙofa ba, don motar da ke cikin gida ba a kulle ta. Ya ɗaga ƙofar ya shiga, kujera ta karɓe shi, warin tsohuwar fata da fetur ya daki hancinsa, sai da ya lumshe ido don daɗi. Ya taka kuloci, ya girgiza giya ya tabbatar tana firi, ya yi bismilla, ya zura makulli.

Makullin ya shiga da ɗan ƙyar. Direba ya ce zama ne ya yi mata yawa, ya ƙara turawa, ya murɗa. Makulli ya ɗan juya, ya yi ƙas, ya tsaya.

Ba fitilar da ta kawo a gabansa, inji ko tari bai yi ba. Ya murɗa gaba, ya ƙi. Ya murɗa baya, ya ƙi. Ya ja, kamar an dasa shi.

"A'a," in ji Direba. "Ke Shuɗiya, ni ne fa."

Da farko bai damu ba. Wane irin makulli ne bai gani ya maƙale ba a rayuwarsa? Sitiyari ne ya kulle ya danne shi, ba wani abu ba. Ya kama sitiyari da hagu yana jijjiga shi dama da hagu, dama tana lallaɓa makulli. Shiru. Ya sauke birkin hannu, ya fito ya ɗan tura motar gaba ko tayar gaba ce ta tokare da wani abu, ya koma ya gwada. Shiru. Ya sa giya ɗaya bayan ɗaya har ribas, ya dawo firi. Ya buɗe bonet ya taɓa kan batir, duk da ya san wannan motar ba ruwan makullinta da batir. Ya dawo ya zauna, gumi ya fara tsattsafo masa a wuya.

A nan ne wani tsohon abu ya faɗo masa a rai. Wata rana can baya, lokacin Yaya yana ɗan saurayi mai rawar kai, ya taɓa satar makullin nan, ya zura na ƙofa a ramin na inji, ya maƙale. Direba ya zo ya same shi yana zufa kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ya cire makullin cikin ƙiftawar ido, sannan ya wanke yaron tas. "Makaho ne kai? Makullai biyu kacal ba ka iya bambantawa?" A ranar ce ya samo jan fenti ya ɗiga a kan na inji, don kada wani sakarai ya sake.

Kuskuren yara ke nan, ba nasa ba. Duk da haka ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari, ya kamo makullin da ke lilo a zoben, ya kawo fuskarsa daf da shi. Ƙarfe ne kawai, fari-fari, toka-toka. Babu ja. Wato na ƙofa ne ke lilo, na inji ne a ciki, daidai yadda ya kamata. Ya ɗago yana jin haushin kansa da har ya yi shakka.

Daga nan lallashi ya ƙare, faɗa ya fara. Ya zagi makullin, ya zagi wanda ya ƙera shi, ya zagi masu danna totur da waya a kunne da suka lalata masa mota. Muryarsa ce ta haura katanga ta shiga shagon maƙwabcinsa Tela, wanda suka fi rabin rayuwarsu suna tsokanar juna. Ba a daɗe ba sai ga shi ya turo ƙofar gida, tef a wuya, guntun zare a leɓe.

"Sarkin Hanya, da wa kake dambe?" Ya leƙo ta taga, ya ga hannun Direba a kan makulli, ya riƙe baki. "La haula! Ba an hana ka ba?"

"Rufe ƙofar can tukuna. Kuma ka rage murya."

"Ni zan rage murya? Kai da tun ɗazu duk layin nan ke jin ka?"

Direba ya yi masa bayani a gajarce. Tela bai taɓa mallakar ko babur ba, makullin mota da na akwati duk ɗaya ne a wurinsa, amma a duniya ba abin da ya yarda da shi kamar man keken ɗinki. A ganinsa, da za a ɗiga wa mutane shi a gwiwa, da asibitoci sun rufe. Ya ruga shago ya dawo da 'yar kwalbar mai dogon baki.

"Kaɗan fa," in ji Direba. "Ɗigo ɗaya."

Tela ya matsa, rabin kwalba ya tafi. Mai ya cika ramin, ya gangaro ta jikin sitiyari, ya sauka tsaf a kan cinyar farar rigar Direba.

"Na ce ɗigo ɗaya! Kai kurma ne?"

"To ai tabarauna na bari a kan keke. Gwada yanzu mu gani."

Ya gwada. Bambancin kawai shi ne yanzu makullin yana sulɓi, yatsu ba sa iya riƙe shi. Tela ya ce a kawo filaya. Direba ya san ba a sa wa makulli filaya, ya sha hana yaran mota, amma zuciya ta riga ta ɗebe shi. Ya ɗauko ta a but ɗin motar, ya damƙi kan makullin, ya murɗa da hannu biyu. Sai ya ji ƙarfen ya yi laushi a hannunsa, irin laushin da ke zuwa kafin karyewa. Ya saki da sauri. Ya shafa da yatsa, kan makullin ya ɗan karkace.

"Garin gyaran gira za mu rasa ido," in ji Tela.

"Kar ka sake yi mini maganar ido a gidan nan."

"Karin magana ce, mutumina."

"Ka kai ta shagonka."

Inuwar rumfa ta fara matsawa, rana ta sauko a kan gilashin gaba, cikin motar ya zama tanda. Tela ya kawo shawarar a rufe motar da tampol a yi shiru. Direba ya tuna masa cewa yau ɗin nan Yaya zai tayar da ita, kuma abu na farko da uwarsa za ta yi shi ne ta sauko da gwangwani. Tela ya ce to a ce ɓarawo ne ya shigo. Direba ya tambaye shi wane ɓarawo ne zai tsallake talabijin da rediyo ya je ya buɗe gwangwanin allura. Tela ya ce to a kira bakanike.

Nan ne gizo ke saƙar. Bakaniken da ya san Shuɗiya ciki da waje abokin Yaya ne tun suna makaranta, kuma bakinsa kamar kwando yake, ba ya riƙe ruwa. In ya taka ƙafa gidan nan, kafin ya koma gareji labari ya riga shi isa. Amma ba yadda za a yi. Direba ya miƙa wa Tela wayar ya nemo masa lambar, wai hannunsa duk mai ne.

"Baba, barka da rana," in ji bakanike, ana jin bugun ƙarfe a bayansa. "Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau. Wani abokina ne makulli ya maƙale masa a mota, na ce bari in ji ko akwai wata sabuwar dabara da ku yaran yanzu kuke yi."

"Wace irin mota?"

"Tsohuwa ce. Irin tawa."

Bakanike ya ce, "Irin taka, Baba?"

"Na ce irin tawa. Ita kaɗai aka ƙera a duniya?"

"A'a, Allah Ya ba ka haƙuri. Ya jijjiga sitiyari?"

"Tun kana cikin zane nake jijjiga sitiyari."

"To kar dai ya sa mai, mai yana tara datti. Kar kuma ya sa filaya." Direba ya harari Tela, Tela ya ɗaga kai yana duban rumfa. "Ya kankare bakin fensir ya hura garin a ramin, ya ɗan daddaki kan makullin da bayan sukundireba, a hankali. In ya ƙi, ya bar shi in zo, kar ya karye a ciki, don in ya karye sai an sauke gidan makullin gaba ɗaya. Amma Baba, tsaya. Abokin naka ya tabbata makullin ne ya sa? Don irin taku ɗin nan, in ramin ya tsufa, na ƙofa ma shiga yake."

Direba ya daka masa tsawa. "Kai, ni za ka tambaya ko makullin ne? Ni? Na duba da idona!"

"Au, Baba, ashe kai ne..."

Direba ya kashe wayar ya jefa ta kujerar baya. Shi ke nan, ya tona wa kansa asiri da bakinsa. Yanzu abin da ya rage kawai shi ne makulli ya koma gwangwani kafin la'asar, in ya so ko bakanike ya yi surutu, maganarsa ce da ta dattijo.

Aka nemo fensir a jakar jikarsa, aka kankare, aka hura. Garin ya haɗu da man keke ya zama baƙin kwaɓi, ya ɓata masa yatsu, daga yatsu ya hau riga, daga riga ya hau goshi wurin share gumi. Aka daddaka da sukundireba, a hankali, sannan ba a hankali ba. Makulli ya ce bai san zancen ba. Direba ya yanke shawarar kwance murfin robar da ke ƙarƙashin sitiyari ya ga abin daga ciki. Ya durƙusa a ƙasa, rabin jikinsa a mota rabi a waje, bayansa yana ƙara, yana laluben kan noti da bakin sukundireba. Ɗaya ya fita. Na biyu ya fita ya faɗi, ya ji ƙararsa, ƙil, a kan tabarmar ƙafa. Ya shafa nan, ya shafa can, ya leƙa ƙarƙashin kujera yana tsaki.

"Me kake nema?" in ji Tela.

"Noti ya faɗi."

"Ga shi nan a gabanka. Kusa da hannunka. A'a, ɗaya hannun." Tela ya miƙa hannu ta saman kafaɗarsa ya ɗauka ya ba shi. Bai yi tsokana ba wannan karon, kuma rashin tsokanar ya fi ɓata wa Direba rai.

"Inuwa ce a wurin," in ji shi.

"Haka ne," in ji Tela. "Inuwa ce."

Murfin ya fita, ba abin da ya nuna musu sai wayoyi da ƙura da gindin ƙarfen da makullin ke ciki, a rufe ruf. Wata mata ta yi ta sallama a ƙofar shago tana neman ɗinkinta, dole Tela ya tafi. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "In na ga motar yaron zan tare shi da surutu. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Direba ya koma kujera ya zauna shi kaɗai. Abincinsa na kan tebur ya huce, bai ko tuna da shi ba. Babban yatsansa ya yi kanta. Takaici ya ishe shi har ya rasa wa zai zaga. Shi da ya taɓa sauke giyar babbar mota a tsakiyar daji, ba gareji ba mataimaki, yau ga ɗan ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba ya zaunar da shi. Ya kama makullin ya roƙe shi. Wallahi roƙonsa ya yi, a hankali, kamar mai lallashin jariri: ka fito, ba zan sake ba, ko bakin titin ma na fasa. Ɗayan makullin yana ta lilo yana taɓa masa bayan hannu. A waje yara sun taso daga makaranta, suna guje-guje a lungu, ƙwallonsu ta bugi ƙofar gidan suka kwashe da dariya suka wuce.

Ya ji kiran la'asar, ya je ya yi salla da baƙin goshinsa, ya dawo ya ci gaba. Yana cikin jijjiga sitiyari, karo na nawa shi ma bai sani ba, ya ji tsayuwar mota a waje, ya ji muryar Tela ta tashi sama. "A'a, Yaya! Kwana biyu! Zo ka ga wani yadi da aka kawo mini, kai na tuna da na gan shi."

Ƙofar gida ta buɗe. Matarsa ta shigo ita kaɗai, jaka a hannu. Ta tsaya. Ta dubi bonet a buɗe, ta dubi filaya da sukundireba da murfin roba a ƙasa, ta dubi mijinta da rigar da ta goge masa da safe.

"Innalillahi. Malam!"

"Kar ki fara."

"Kar in fara? Ka san rantsuwar da yaron nan ya yi! Ka hau kujera, da wannan ƙafar taka, ka buɗe mini gwangwani..."

"Ɗumama ta kawai zan yi. Maƙalewa ya yi. Tun safe nake fama, ba irin dabarar da ban yi ba. Yaron naki ne ya lalata ramin da murɗar hauka."

Ta ajiye jakar, ta waiga ƙofa, ta matso ta sunkuya ta leƙa ta gefensa. Faɗan da ke bakinta ya tsaya. Ta daɗe a sunkuye fiye da yadda leƙe ke buƙata. Da ta yi magana, muryarta ta sauka ƙasa sosai.

"Malam, ai na ƙofa ne a ciki."

"Na inji ne. Na duba."

"Ga mai jan nan yana lilo."

"Na ce miki na duba! Babu ja a jikinsa!"

Ba ta yi musu ba. Ta kamo makullin da ke lilo, ta kamo babban yatsansa, ta ɗora a kan ƙarfen, ta goga a hankali. Sai ya ji shi. Ɗan tudu ne ƙarami, mai santsi, kusa da hudar zobe, daidai inda shi da kansa ya ɗiga fentin. Ya sunkuya ya kawo idonsa daf, har numfashinsa na taɓa hannunta. Ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan. Ya karkata kai. Yatsansa na gaya masa ga shi nan, idonsa na ganin toka.

"Ja ne sosai?" ya tambaya.

"Ja wur," in ji ta. Sai ta juyar da kai, ta kama gyara mayafin da bai zame ba.

Direba ya jingina da kujera. A lungu yaran sun dawo da ƙwallonsu, wani ƙarami yana ihu a ba shi shi ma ya buga. Ta nan Direba ya so ya bi da motar zuwa bakin titi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a kan hanya, sannan kunya ta biyo baya ta danne tsoron.

Ya miƙa hannu. Tunda na ƙofa ne, ai ya san abinsa: ba ja ake yi ba, ba murɗawa ake yi ba. Ya tura shi ciki har ƙarshe, ya ɗaga bakinsa sama kaɗan, ya mayar da shi baya da taushi. Bai ko duba ba. Makulli ya zaro kamar an zare shi daga man shanu.

"Alhamdulillahi!" Matarsa ta miƙo tafin hannu da sauri. "Kawo in mayar. Tashi ka shiga ka canza riga, ka wanke fuska. Zan rufe bonet, in tura tarkacen nan ƙarƙashin mota, in ce goge ta kake yi. Tela ba zai faɗa ba. Kawo mana, Malam, ga shi nan zuwa!"

Gaskiya ta faɗa, akwai sauran lokaci. Ana jin Tela yana ta jan zance a kan aljihu da wuyan riga, Yaya yana cewa to, to, sai na dawo. Direba ya dubi tafin hannunta, ya dubi sitiyarin da ya cinye masa zanen hannu. Ya rufe yatsunsa a kan makullan.

"Bar shi," ya ce.

"Malam..."

"Ki bar shi kawai."

Yaya ya shigo yana dariyar surutun Tela, dariyar ta mutu a bakin ƙofa. Ya ga komai a kallo ɗaya. Ya buɗe baki, uwarsa ta girgiza masa kai, ya rufe.

Direba ya fito daga motar da ƙyar, yana dafa ƙofa. Ya ɗaga ta sama kaɗan ya rufe, yadda take so. Ya tako har gaban ɗansa, ya kamo hannunsa, ya sa masa makullan a ciki.

"Ka kira mai sayen nan naka," ya ce. "Ka gaya masa ba a danna mata totur da safe, sai ta ɗumama. Ƙofar nan sai an ɗaga. Na ƙofan ya ɗan karkace, ni na karkata shi, a buga masa guduma kaɗan zai miƙe."

"Baba, me ya faru?"

"Ka kuma nuna masa mai ɗigon ja, shi ne na inji."

Yaya ya dubi makullan a tafinsa, ya dubi baƙin man da ke kan na ƙofa, ya dubi fuskar ubansa. Shi ma bai manta da waccan ranar ba, ko tambayar da aka yi masa a cikinta.

"Kai za ka nuna masa, Baba," ya ce a hankali. "Ai kai ka san ta."

"Kai dai ka nuna masa," in ji Direba. "Ni ba na ganinsa."

Ya juya ya nufi ɗaki. A bakin matakalar baranda ya tsaya, ya laluba da ƙafa, matarsa ta zo ta kama masa hannu, bai ƙwace ba.